Tambaya da Amsa: Abin da ya faru a kakar sunuka ta 2022 zuwa 2023

A wannan fitowa mun ware filin ga wasan sunuka na ƙwararru, domin wasiƙu da dama sun taru a kansa, kuma yawancinsu sun karkata ga kaka guda, wato ta 2022 zuwa 2023, wadda aka buɗe a ƙarshen watan Yuni na 2022, aka rufe ranar 1 ga Mayu na 2023 a birnin Sheffield na ƙasar Ingila. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. A unguwarmu muna buga sunuka da yamma, amma wanda nake gani a talabijin ya sha bamban da namu. Teburinsu ya fi girma, jajayen ƙwallaye sun yi yawa, 'yan wasan kuma suna sanye da falmaran. Yaya tsarin gasanninsu yake, kuma su wa suka yi fice a kakar da ake yawan magana a kanta? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Wanda aka fi bugawa a unguwanninmu shi ne na ƙaramin tebur mai ƙwallaye goma sha biyar, inda kowa ke ƙoƙarin zurar da nasa bakwai sannan ya rufe da baƙa. Na ƙwararru kuwa ana yin sa ne a kan tebur mai tsawon kusan ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, da jajayen ƙwallaye 15 waɗanda kowace take da maki ɗaya, da wasu shida masu launi: rawaya maki 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa kuma 7. Ƙa'ida ita ce ɗan wasa ya zura ja, sannan ya zura mai launi, alƙalin wasa ya ciro mai launin daga rami ya mayar da ita gurbinta, haka za a yi ta yi har jajayen su ƙare, sannan a bi masu launin ɗaya bayan ɗaya daga rawaya zuwa baƙa. Wanda ya bi kowace ja da baƙa, sannan ya share teburin ba tare da kuskure ba, ya tara maki 147 a tashi ɗaya, kuma wannan shi ne ƙololuwar abin da ake samu a ka'idar yau da kullum. Duk lokacin da aka jera ƙwallaye aka buga har aka sami mai nasara, an yi zubi ɗaya ke nan, kuma yawan zubin da mutum ya ci shi ne ake lissafawa a matsayin sakamakon wasa.

Ƙwararrun da ke da izinin shiga gasanni sun kai kimanin 130. Kamfanin WST ne ke shirya gasannin, hukumar WPBSA kuma ita ce mai kula da dokoki da ladabtarwa. Matsayin ɗan wasa a jerin gwanayen duniya ya dogara ne ga kuɗin da ya ci a gasannin da ake lissafawa cikin shekara biyu da suka gabata, kuma kasancewa cikin 16 na farko yana da muhimmanci ƙwarai, domin su kaɗai ake gayyata gasar Masters, su ne kuma ke shiga Gasar Duniya kai tsaye ba tare da wasannin share fage ba.

A waccan kaka an yi irin waɗannan gasanni 15, ban da na gayyata. Uku ne suka fi kowace daraja a idon 'yan wasa. Gasar UK Championship, wadda aka yi a birnin York a watan Nuwamba na 2022, Mark Allen na Ailan ta Arewa ne ya lashe ta. Gasar Masters, a zauren Alexandra Palace na Landan a watan Janairu na 2023, ta faɗa hannun Judd Trump bayan ya doke Mark Williams da ci 10 da 8. Gasar Duniya kuma Luca Brecel na Beljiyam ya ɗauka. Sauran kofunan sun warwatsu a hannun mutane da yawa: Shaun Murphy ya ci biyu cikin manyan gasannin ƙarshen kaka, Mark Selby ya ci biyu, Gary Wilson da Chris Wakelin kuma kowannensu ya ɗaga kofinsa na farko bayan shekaru yana fafutuka. Ronnie O'Sullivan, wanda ya shiga kakar yana riƙe da kambun duniya na bakwai, bai ci ko ɗaya daga cikin gasannin lissafi ba, sai dai ya lashe biyu na gayyata, ɗaya daga ciki a Hong Kong, inda ya doke Marco Fu a gaban 'yan kallo kusan 9,000, taron da ba a taɓa ganin irinsa a wasan sunuka ba kafin lokacin.

Akwai wani abu da ya kamata a riƙe tun yanzu, saboda zai dawo a amsoshin da ke gaba. Tun daga ƙarshen 2019 ba a sake yin gasar ƙwararru a babban yankin ƙasar Sin ba saboda annobar korona, kuma wannan kaka ita ma ta wuce ba a yi ba. Gasannin Sin suna cikin masu tsoka wajen kuɗi, don haka rashinsu ya rage abin da ke shiga aljihun 'yan wasa, musamman na ƙasan jerin gwanaye.

TAMBAYA: Malam, na ji an ce Luca Brecel bai taɓa cin wasa ko ɗaya a zauren Gasar Duniya ba kafin shekarar da ya zama zakara, kuma wai ko atisaye bai yi ba. Shin wannan ba sa'a ce kawai ba? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Abin da ka ji na farko gaskiya ne. Brecel, wanda aka haifa a 1995, ya fara taka zauren Crucible da ke Sheffield a 2012 yana ɗan shekara 17, ya kuma zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa buga wasa a wurin, amma sau biyar yana zuwa sau biyar ana fitar da shi a zagayen farko. Na biyun ma daga bakinsa ya fito, domin shi da kansa ya faɗa wa 'yan jarida cewa kusan bai taɓa sanda ba kafin gasar, kuma tsakanin wasa da wasa yakan tuƙa mota ya koma gida Beljiyam ya kwana yana shagali da abokai. Amma ban yarda a kira abin da ya yi sa'a ba, kuma dalilina yana cikin tsarin gasar kanta.

Tun 1977 ake yin Gasar Duniya a Crucible, wani ƙaramin zauren wasan kwaikwayo da bai cika ɗaukar mutum dubu ba, inda 'yan kallon layin gaba suke kusa da tebur har ɗan wasa yana jin numfashinsu. Kwana 17 ake yi, da 'yan wasa 32. A zagayen farko sai mutum ya ci zubi 10, a na biyu da na uku 13, a wasan kusa da na ƙarshe 17, a wasan ƙarshe kuma 18. Jimilla zubi 71 ke nan. Sa'a tana iya ba mutum zubi ɗaya ko biyu, idan ƙwallo ta bugi gefe ta faɗa ramin da ba a nufa ba, amma ba ta tara wa kowa 71 a gaban mutanen da Brecel ya fuskanta.

Ya fara da Ricky Walden, ya sha da ƙyar da ci 10 da 9. Ya bi da Mark Williams, mai kambun duniya uku, ya doke shi 13 da 11. A zagaye na uku ya haɗu da O'Sullivan, mai riƙe da kofi kuma na ɗaya a duniya, aka shiga zaman ƙarshe (domin dogayen wasanni kashi-kashi ake buga su) O'Sullivan yana gaba da 10 da 6, yana bukatar zubi uku kacal. Brecel ya ci bakwai a jere, O'Sullivan bai sake samun ko ɗaya ba.

Wasan kusa da na ƙarshe shi ne ya fi ba da mamaki. Abokin karawarsa Si Jiahui ne, ɗan ƙasar Sin mai shekara 20, wanda yake na 80 a duniya, kuma wannan ne zuwansa na farko zauren, bayan ya ratso wasannin share fage ya kuma fitar da Shaun Murphy a zagayen farko. Si ya buga wasa kamar bai san tsoro ba, yana zura ƙwallaye daga nesa waɗanda manya ke kauce wa, har ya kai 14 da 5. Saura uku ya shiga wasan ƙarshe. Daga nan Brecel ya ci zubi 11 a jere, biyar kafin a tashi daga zama na uku, shida kuma bayan an dawo, ya ƙarasa da ci 17 da 15. Ba a taɓa farfaɗowa daga tazarar zubi tara an ci wasa a Crucible ba sai a wannan rana. Wanda ya kalli fuskar Si a waɗannan sa'o'i, yana zaune a kujerarsa da sanda a hannu, yana kallon tebur da ba a ba shi damar komawa kansa ba, zai gane wahalar wannan wasa: idan abokin karawarka yana kan tebur, ba ka da ikon yin komai sai jira.

A wasan ƙarshe ya gamu da Mark Selby, wanda ya ci kambun a 2014 da 2016 da 2017 da 2021, kuma wanda salonsa kishiyar na Brecel ne. Selby gwani ne wajen ɓoye farar ƙwallo a bayan masu launi, yadda abokin karawa ba zai sami hanyar taɓa ja kai tsaye ba, ya yi ta kuskure ana ba Selby maki, wasa ya yi ta ja har haƙurin mutum ya ƙare. Brecel kuwa yana ganin kafa zai kai hari, ko da kuskuren zai bar wa abokin karawa tebur a buɗe. Ya fara da 6 da 2. Da daddare Selby ya matso, kuma a zubi na 16 ya tara maki 147, karo na farko da aka yi haka a wasan ƙarshe na Gasar Duniya, shekara 40 bayan Cliff Thorburn ya yi na farko a zauren. Brecel ya tashi ya rungume shi, aka kwana yana gaba da 9 da 8, kuma mutane da yawa sun ɗauka cewa gogewar Selby za ta yi aiki washegari.

Abin da ya faru da ranar 1 ga Mayu shi ne amsar tambayarka. Brecel ya ci shida daga cikin zubi takwas na wannan zama, kuma a huɗu daga ciki ya haura maki ɗari a tashi ɗaya. Ya kai 16 da 10 da daddare, sai Selby ya ci biyar a jere ya mayar da wasan 16 da 15, hannun Brecel ya fara rawa a fili. Duk da haka ya tattara kansa ya ci biyun da suka rage, ya rufe da maki 112 a tashi ɗaya. An ba shi fam 500,000, ya hau matsayi na biyu a duniya, ya zama mutum na farko daga babban yankin Turai da ya ci kambun, kuma na huɗu daga wajen Birtaniya a zamanin Crucible, bayan Thorburn na Kanada a 1980, Ken Doherty na Ailan a 1997, da Neil Robertson na Ostireliya a 2010.

Game da rashin atisaye kuwa, ina roƙon matasan da ke karanta wannan fili kada su ɗauki maganar a matsayin darasi. Mutumin da ya riƙe sanda tun yana yaro ya riga ya tara aikin shekaru a hannunsa, kuma hutun da ya ɗauka ya sauke masa nauyin da ya danne shi sau biyar a baya. Da ya dawo kare kambunsa a 2024, David Gilbert ya fitar da shi a zagayen farko da ci 10 da 9, bayan Brecel ya kasance a gaba da 9 da 6.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce, kuma ɗana ne ya sa na fara kallon wasan. Na ji cewa an kori 'yan wasa goma 'yan ƙasar Sin a waccan kaka saboda cogen wasa, amma ga shi ɗaya daga cikinsu ya dawo har ya zama zakaran duniya. Me ya faru, kuma wane irin hukunci ne wannan? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi a cikin wasiƙun, kuma a ganina wannan badaƙala, ba kofin Brecel ba, ita ce ainihin labarin kakar.

An fara ne a watan Oktoba na 2022, lokacin da hukumar WPBSA ta dakatar da Liang Wenbo, wanda ya taɓa lashe gasar English Open a 2016. A watan Disamba aka dakatar da wasu, ciki har da Yan Bingtao, wanda ya ci gasar Masters a 2021 yana ɗan shekara 20. A farkon Janairu na 2023 aka ƙara da Zhao Xintong, wanda ya lashe UK Championship a 2021 bayan ya doke Brecel ɗin nan da ci 10 da 5. Yan da Zhao suna cikin 16 na farko a duniya, don haka sai da aka nemo David Gilbert da Hossein Vafaei na Iran suka maye gurbinsu a gasar Masters. Wani kwamiti mai zaman kansa ya fara sauraren shari'ar a watan Afrilu, daidai lokacin da ake buga Gasar Duniya, kuma ranar 6 ga Yuni na 2023 aka bayyana hukunci.

Cogen wasa a sunuka ba lallai ne ya zama mutum ya faɗi wasa gaba ɗaya ba. Ana iya shirya cewa sakamako zai tsaya a kan wani adadi, ko kuma ɗan wasa ya bari a ci shi wani zubi, sannan waɗanda suka san shirin su zuba kuɗi a kamfanonin caca. Abin da ya sa wasan ke da rauni ta wannan fuska shi ne mutum ɗaya ne ke riƙe da sakamako, babu abokan ƙungiya da za su lura, kuma kuskuren ganganci da na gaskiya kamarsu ɗaya, tunda kaucewar da ba ta kai faɗin gashi ba ta isa ƙwallo ta bugi bakin rami ta dawo. Saboda haka ba daga tebur aka fi gano irin wannan ba, daga kasuwar cacar ake ganowa, idan aka ga kuɗi masu yawa sun kwarara kan wani ƙaramin wasa ta hanyar da ba a saba gani ba.

Hukuncin ya bambanta gwargwadon laifi. Liang Wenbo da Li Hang an haramta musu wasan har abada, domin an same su da shirya cogen, da jawo wasu ciki, da ƙoƙarin ɓoye shaida. Lu Ning ya sami shekara biyar da wata huɗu. Yan Bingtao, wanda ya amsa cewa ya sayar da wasanni huɗu da ya buga, ya sami shekara biyar, wadda za ta ƙare a Disamba na 2027. Zhao Xintong ne ya sami mafi sauƙi, shekara ɗaya da wata takwas, saboda ba a same shi da sayar da wasan da shi kansa ya buga ba. Abin da ya amsa shi ne yana da hannu a cogen da wani ɗan wasa ya yi a wasanni biyu, kuma yana yin caca a kan sunuka, wadda dokar hukumar ta haramta wa kowane ƙwararre. An rage masa wa'adin ne saboda ya amsa laifinsa da wuri. Hukuncinsa ya ƙare ranar 1 ga Satumba na 2024, ya koma gasannin waɗanda ba ƙwararru ba ya faro daga tushe, ya shiga Gasar Duniya ta 2025 ta hanyar wasannin share fage huɗu, ya doke O'Sullivan 17 da 7, ya doke Mark Williams 18 da 12, ya zama ɗan Asiya na farko da ya ci kambun.

Ra'ayina shi ne, wanda ya yi wa'adinsa ya cika yana da haƙƙin komawa sana'arsa, kuma bambanta wanda ya kitsa da wanda aka jawo adalci ne. Na fahimci waɗanda ke ganin hukuncin Zhao ya yi sauƙi, musamman idan aka tuna cewa Stephen Lee na Ingila shekara 12 aka yanke masa a 2013, amma laifin nasu ba ɗaya ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka kai ga wannan hali. Tun da Ding Junhui ya lashe gasar China Open a 2005 yana ɗan shekara 18, sunuka ta bunƙasa a Sin, yara da yawa suka bar gida suka koma Ingila, akasarinsu a Sheffield inda makarantun horarwa suke. Wasu sun iso ba su cika shekara ashirin ba, ba sa jin Turanci sosai, kuma da annoba ta zo suka kasa komawa wurin iyayensu tsawon lokaci. A lokacin, wanda aka fitar a zagayen farko na yawancin gasanni ba ya samun ko kwabo, ga haya, ga kuɗin tebur, ga kuɗin tafiya. Yaron da ke cikin wannan matsi, ba shi da wanda zai kai wa kuka sai manyan 'yan ƙasarsu, idan manyan su ne ke shirya ɓarnar, to kura ce aka bai wa ajiyar nama. Kwamitin da kansa ya yi maganar kaɗaici da matsin kuɗi da matsin lambar da ƙanana suka fuskanta daga manya. Wannan bai wanke kowa ba, domin akwai 'yan uwansu da suka sha wahala iri ɗaya ba su sayar da wasa ba, kuma Si Jiahui yana nuna haka a kan tebur a makon da ake sauraren shari'ar. Sai dai masu shirya gasanni sun amfana da kasuwar Sin shekara da shekaru, kuma ya kamata a ce sun fi haka lura da yaran da suka zo da ita. A wannan kakar ce aka fara ba kowane ƙwararre tabbacin fam 20,000 a shekara, wadda ake cirewa daga abin da ya ci a gasa. Mataki ne mai kyau, ko da yake ya zo a makare ga waɗansu.

TAMBAYA: Malam, ni da abokina muna gardama. Shi ya ce Brecel ne gwarzon kakar tunda shi ya ci kofin duniya, ni kuma na ce Mark Allen ne. Wa ya fi gaskiya? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Ina tare da kai, kuma shi aka ba lambar gwarzon kakar. Brecel ya yi makonni biyu da ba a taɓa ganin irinsu ba, ya kuma ci gasar buɗe kaka a Leicester, amma Allen ya riƙe wuta kusan duk tsawon kakar. Ya kai wasan ƙarshe na British Open, Ryan Day ya doke shi. Ya kare kofin Northern Ireland Open a gaban mutanen ƙasarsu a Belfast, inda ya doke Zhou Yuelong 9 da 4. A wasan ƙarshe na UK Championship, Ding Junhui, wanda ya riga ya lallasa O'Sullivan 6 da nema, ya yi masa nisa da 6 da 1, amma Allen ya juya wasan ya ci 10 da 7. A Janairu ya doke Trump 10 da 9 ya ɗauki World Grand Prix. A Crucible kuma ya kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Selby ya fitar da shi 17 da 15 a wasan da ya kai bayan tsakar dare.

Abin lura shi ne Allen ya yi wannan ne bayan ya fito daga mawuyacin hali, domin a 2021 ya bayyana cewa ya karye ta fuskar kuɗi. Ya rage ƙiba sosai kafin kakar, ya kuma sauya salonsa daga saurin kai hari zuwa wasa mai natsuwa da ɓoye ƙwallo. Wasu 'yan kallo sun yi ƙorafin cewa wasansa ya rage armashi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma da wannan salo ya ci kofuna uku a kaka guda, ya kuma hau matsayi na ɗaya a duniya a 2024.

TAMBAYA: Malam, na ga hoton wani mutum durƙushe a kan tebur ya barbaɗa wani gari mai launin lemo. A wace gasa ce? Sannan akwai 'yan Afirka ko mata a cikin ƙwararrun? Daga wani mai karatu a Yola.

AMSA: A Gasar Duniya ce, ranar 17 ga Afrilu na 2023, ana cikin wasan Robert Milkins da Joe Perry. Mutumin ɗan ƙungiyar Just Stop Oil ne, waɗanda a lokacin suke neman Birtaniya ta daina ba da sabon izinin haƙar man fetur. Wata mata ta yi yunƙurin hawa ɗaya teburin, inda Allen ke wasa da Fan Zhengyi, amma alƙalin wasa Olivier Marteel ya riƙe ta. Sai da aka ɗage wasan Milkins aka sauya ƙyallen teburin gaba ɗaya, domin ƙura kaɗan ta isa ta sauya tafiyar ƙwallo.

Daga Afirka, Mohamed Ibrahim na Masar ya buga a waccan kaka da gurbin da ake ware wa zakaran nahiyar. Mafi nisan da ɗan Afirka ya taɓa kaiwa a Crucible shi ne na Perrie Mans na Afirka ta Kudu, wanda ya kai wasan ƙarshe a 1978, Ray Reardon ya doke shi. Mata huɗu ne ke cikin ƙwararrun: Reanne Evans da Rebecca Kenna na Ingila, Ng On-yee ta Hong Kong, da Mink Nutcharut ta Tailan. Mink ta haɗu da Neil Robertson suka lashe gasar haɗakar mace da namiji a watan Satumba na 2022, Evans kuma ta doke tsohon zakaran duniya Stuart Bingham a gasar Shoot Out ta zubi ɗaya a Janairu na 2023, nasara ta farko da mace ta samu a wasan gasar lissafi da aka nuna a talabijin.